Muna Da Ɗaya A Ƙauye

Shafi na 17

Masu cika min waya da cewa na matsa wa Talatu, wai ai matar nan ta yi abin kirki tunda ta tuna da ƙanwar mijinta a yawon Sallah, to ku gyara zama. Ni dai bakina da goro.

Rukayyat ta buɗe ido daga barcin hantsi, ta miƙa hannu gefen gado inda ta ja wa kekenta birki kafin ta kishingiɗa. Hannun bai taɓa komai ba. Ta ɗago kai ta duba bayan ƙofa, ta leƙa falo. Babu keke, babu mutane. Takalman yaran da suka cika bakin ƙofa da safe duk sun ɓace, sai kofunan shayi a kan tebur.

Ta kira yayanta Hamma Gabdo, wayar ta yi ta kuka ba a ɗauka ba. Ta kira matarsa Talatu, haka nan. Daga waje kuwa kiɗa ne ke tashi da ihun yara, alamar an daɗe da buɗe wasanni a Lambun Alhaji Yaji, wurin shaƙatawa na Mubi da suka kama masauki a cikinsa. Talatun nan ce da bakinta ta ce mata ta ɗan miƙe bayanta, da an buɗe lilo za a tashe ta.

Da farko uzuri ta shiga nema musu, don halinta ke nan. Ta ce wataƙila yaran ne suka tura keken baranda suna wasa. Ba ta so ta ɓata wa kanta ɗakin nan, ɗakin da ya sa ta kuka jiya. Ƙofofinsa masu faɗi, babu dokin ƙofa ko ɗaya, makunnin wuta a daidai kafaɗarta, gadon ma an yi shi daidai tsayin keke. A banɗaki akwai ƙarafan riƙewa a bango da kujerar wanka mai ƙananan tayoyi. Tun hatsarin hanyar Michika da ya tafi da mijinta Mansir ya bar ta da ƙafafun da ba sa jin kira, ba ta taɓa shiga banɗaki ta rufo ƙofa ta yi wanka a tsanake ba tare da wani na tsaye yana jiranta ba, sai jiya. Ta daɗe a ƙarƙashin shawa tana yi wa Hamma da matarsa addu'a.

Kuma ba don wanka ta baro ƙauyensu Vimtim ba. Tana kwance a asibiti Hamma ya ɗauki 'yarta Sumayyat, ya ce za su riƙe ta har ta warke. Ƙafafu ba su warke ba, amma Rukayyat ta tashi. Ta koyi keke, ta koma matsar man gyaɗa da suyar ƙuli, tana ci da kanta har tana ba wasu. Yarinya dai shiru. Yanzu shekararta tara, tana ce wa Talatu Mami, uwar da ta haife ta kuma Goggo. Rukayyat ba ta taɓa buɗe baki ta nemi a dawo da ita ba, don a gidansu mace ba ta rawar ƙafa a kan 'yar fari. Ba ta kallonta a gaban manya, ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce ke, ko yarinyar nan. Haka mahaifiyarsu Dada ta yi wa Gabdo har ta koma ga Allah.

Amma jiya da yamma, da suka tsaya a baranda, ta nuna wa yarinyar babban lilon nan mai juyawa sama, ta ce gobe tare za su hau. Yarinyar ta yi mata murmushi. Da wannan murmushin Rukayyat ta kwana, ta kuma yanke cewa suna saukowa daga lilon za ta cire kunya ta roƙi Hamma ya mayar mata da 'yarta. Shi ya sa tun safe ta ci ado da leshin da ta ɗinka don wannan rana.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Vanessa ce, 'yar Michika mai aiki a masaukin, ɗauke da tawul. Tana ganin mutum a kan gado ta ja da baya.

"Ah, Madam, kina nan? To wane ne na gani a keke?"

Rukayyat ta tambaye ta wane keke. Vanessa ta ce baƙin nan mai jan matashi, shi dai. Ta ce ɗazu matar oga ta wuce a kai, an lulluɓe mata ƙafafu da zani, ƙaramar yarinyar tana turawa. Ita daga nesa ta hango, ta ɗauka Madam ce.

Rukayyat ta ji abin ya wuce ta kunnenta bai zauna ba. Ta ce me Talatu za ta yi da keke, mace da ƙafafunta biyu kamar turmi? Vanessa ta ajiye tawul a hankali. Ta ce ai dokar wurin ce, mai keke da iyalinsa ba sa bin layi, ta ƙofar gefe ake shigar da su kowane wasa. Yau kuwa layin babban lilo ya kai har wurin masu tsire.

Da ta tsaya nan da sauƙi. Amma Vanessa irin mutanen nan ne da in sun fara gaskiya ba su san inda birkinta yake ba. Ta ce ai ita ce ma ta ɗauki wayar matar oga ana gobe jajibere. Ta gaya mata ɗakuna sun ƙare, saura babban nan na iyali, shi kuwa ba a ba kowa sai wanda ya zo da mai keke, a gan shi ido da ido.

"To sai ta ce me?" in ji Rukayyat.

Vanessa ta kalli ƙasa.

"Faɗa min. Yadda ta faɗa."

"Ta yi dariya. Ta ce ba damuwa, muna da ɗaya a ƙauye, za mu ɗauko."

Jama'a, muna da ɗaya a ƙauye. Kamar akuya, kamar tsohon turmi da aka jingine a bayan rumbu. Matar da ta yi Sallah da Sallah ba ta taka Vimtim ba, ta zo da mota da fara'a har kunne tana cewa Sallar bana ba za ta yi musu daɗi ba in babu Rukayyat. Ita kuwa baiwar Allah har man gyaɗa ta cika musu galan, ta ƙulla ƙuli a leda don yara. Ta tuna addu'ar da ta yi musu a banɗaki, ranta ya ɓaci matuƙa. Amma ba ta yi kuka ba. Kukan baƙin ciki ta gama shi tun a asibiti.

Vanessa ta ce bari ta ruga ta karɓo keken a asirce, ba sai kowa ya ji ba. Rukayyat ta ce a'a. Ta san yadda za a yi. Za a dawo da shi ana dariya, a ce haba, wasa ne, Hamma ya ce ta yi haƙuri, ita kuma ta ce ba komai, kamar kullum. Kafin la'asar magana ta mutu. Yau kam ba za ta ce ba komai ba.

Ta dafa katifa ta zamo ƙasa, da leshinta da komai. Vanessa ta yi wuf za ta kama ta, ta ɗaga mata hannu. Da tafin hannu ta ja jikinta a kan tayil har banɗaki, ta kama ƙarfen bango, ta ɗaga kanta ta zauna a kujerar wanka. Farar roba ce mai rami a tsakiya, tayoyinta ba su fi murfin kwalba girma ba. Ta ninke tawul ta toshe ramin, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta yafa mayafi.

"Tura ni," ta ce.

"Madam, a wannan? Mutane za su kalla."

"Su kalla. Kallo suka zo yi."

Haka suka fito. Tayoyin suna ƙiiƙii a kan siminti kamar ƙofar langa-langa. Suka wuce masu motocin karo, suka wuce dawakan roba masu zagaye, suka ratsa 'yan mata masu ɗaukar hoto. Wasu suka kauce, wasu suka nuna ta da baki, wani yaro ya ce wa uwarsa ga mata a kan fo. Rukayyat ta ji, ba ta ko juya ba. Idonta na kan lilon da ke juyawa a sama.

Ƙofar gefen tana saman wata doguwar gangara ta siminti da aka yi don masu keke. A tsakiyar gangarar ta hango su, suna jira a sauke waɗanda ke ciki. Ga Talatu a kan jan matashin da Rukayyat ta ɗinka da hannunta, ta lulluɓe ƙafafu, ta langaɓe kai gefe guda, har da carbi. Wallahi in ka gan ta sai ka ba ta sadaka. Wata tsohuwa da ke layi da jikokinta ta jingina da shinge tana ta zuba mata addu'a, Allah Ya tashi kafaɗunki, Allah Ya sa kaffara ne. Talatu na amsawa da amin a wata 'yar siririyar murya da ba a san ta da ita ba a gida. Tsohuwar ta juya kan yarinyar ta ce Allah Ya yi mata albarka, yadda take wahala da mahaifiyarta haka ita ma 'ya'yanta za su yi mata.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona wa Rukayyat rai ba. Kallo ɗaya ta yi wa tayoyin ta ga ba a ja birki ba. Ina Talatu ta san keke na da birki? Yarinyar ce ta tokare hannayen keken da ƙirjinta, ta kafa ƙafafu a siminti, gumi na bin wuyanta, tana riƙe da ƙatuwar mace a kan gangara. Hamma Gabdo na gefe da 'yan mazansa biyu yana latsa waya.

Shi ya fara ganinta. Ya sauko da sauri har yana tuntuɓe, ya sunkuyo yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce me ya fito da ita haka a kujerar banɗaki, so take ta kunyata shi a gaban jama'a? Ya ce ta ga layin da idonta, yara tun safe suke kuka, ita kuma tana barci ba su so su tashe ta ba. Zagaye ɗaya kawai za su yi a dawo mata da abinta.

"Aro ne fa, Rukayyat. A gida ɗaya har sai an tambayi aro?"

"Hamma, bokiti ake ara. Tabarma ake ara. Ka taɓa jin an ari ƙafar mutum yana barci?"

Ya ce ta rage murya. Ta ce ai ba ta fara ɗagawa ba tukuna. Ta ce da wuta ta tashi a ɗakin nan fa, ko da fitsari ne ya kama ta, wa za ta kira, su da ba sa ɗaukar waya? Ya ce haba, wane irin baki ne wannan ranar Sallah. Sai ta dube shi cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya.

"Muna da ɗaya a ƙauye. Ka san da wannan maganar?"

Gabdo ya kauda fuska. Ya kalli wayarsa, ya kalli sama. Da a ce bai sani ba da ya tambaya wace magana. Bai tambaya ba.

Zuwa lokacin layi ya fara juyowa. Talatu ta leƙo ta gefen mayafi tana yi mata alama da ido, tana motsa baki, ki rufa mana asiri. Tsohuwar nan ta tambaya wace ce waccan kuma. Talatu ta ce ƙanwar maigidanta ce, a yi haƙuri da ita, tun hatsarin da ta yi ba ta cika daidai ba. Ta faɗa tana ɗan taɓa gefen kanta da yatsa. Kun ji fa. An ɗauke mata keke, yanzu hankalin ma za a ɗauke.

Mai tsaron ƙofar ya sauko ya ce shi ba ya son rigima a layinsa, keken na wane ne? Talatu ta ce nata. Rukayyat ta ce nata. Mutumin ya juya kan yarinyar ya ce to ke, wace ce mamarki a nan? Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Ke," in ji Rukayyat, "ja wannan ƙarfen na gefen taya, ki huta. Ke, da ke nake."

Yarinyar ta ɗago. Idonta ya cika.

"Ni ba sunana Ke ba."

Ta ci gaba, tana kallon Rukayyat.

"Mami ta ce ke kika bayar da ni don ba kya so na. Ta ce in ƙarya ne in saurara in ji ko za ki taɓa kiran sunana. Kuma ina ta saurara, Goggo. Jiya ma na saurara."

Nan ne Rukayyat ta gane. Ashe duk Sallar da Hamma ya kawo yarinyar gaisuwa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonta, jira take yi. Kuma Talatu ta san al'adar nan sarai, ita da kanta ba ta taɓa kiran ɗanta na fari Ridwan ba, Babana take ce masa. Ta san kunya ce. Ta ɗauki kunyar da Rukayyat ke yi don girmama su, ta mayar da ita shaida a kanta a wurin 'yar shekara tara.

Sunan yana bakinta kullum. Tana faɗinsa a sujada, tana faɗinsa in tana matsar mai ita kaɗai. Mansir ne ya zaɓe shi. A gaban mutum dai bai taɓa fita ba, balle a gaban Hamma, balle a gaban rabin Mubi. Ta ji kunyar ta taso mata kamar yadda ta saba, ta danne ta.

"Sumayyat."

Bai fita da ƙarfi ba. Ta sake cika ƙirji.

"Sumayyat! Zo nan wurin uwarki."

Yarinyar ta saki keken. Ba da gangan ba, wallahi, mantawa ta yi da shi. Ta juyo kawai ta matsa gefe ta saki hannu. Keke kuwa da ba birki a kan gangara ba ya jiran kowa. Ya fara ja da baya a hankali, sannan ya ɗauki gudu. Talatu ta laluba dama ta laluba hagu ba ta san abin da za ta kama ba. Sai ga mai jinya ta yi salati da muryarta ta gida, ta watsar da carbi, ta daka tsalle ta dire a kan ƙafafu biyu, har da 'yar sassarfa don kada ta faɗi. Zanin lulluɓin ya zame, ga takalma masu tsini.

Ikon Allah, an warke a Lambun Alhaji Yaji, ba rubutu ba allura.

Layi ya kaure. Masu dariya na yi, masu Allah wadai na yi, wayoyi sun tashi sama. Tsohuwar nan ta riƙe haɓa ta ce yau ta ga abin da ya fi ƙarfinta, ita da ciwon gwiwa tana tsaye tun safe tana yi wa ƙatuwar banza addu'a, to a dawo mata da addu'arta ba ta yafe ba.

Keken ya gangaro ba kowa a kai. Vanessa ta yi ƙara ta kauce. Rukayyat ta miƙa hannu ɗaya ta cafke shi, ya tsaya cak. Hannun da ya saba da turmin gyaɗa da taya ne. Ta juyo da shi, ta dafa, ta ɗaga jikinta ta koma kan jan matashinta a gaban kowa, ta gyara ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya.

Tana ɗagowa ta ga yarinyar tsaye a gabanta, tana murza bakin hijabi.

"Goggo, sake faɗa."

"Sumayyat. Ni na haife ki. Ban bayar da ke ba, kwance nake aka ɗauke ki. Kuma ba ranar da ban kira sunan nan ba, ke ce dai ba kya kusa."

Talatu ta iso tana haki, kuka wiwi, kuma wannan karon na gaske ne. Ta ce ita ta yi jinyar yarinyar nan da ta yi ƙyanda, ita ta yi mata kitso, ita ta kai ta makaranta, ita Allah bai ba ta mace ba, yanzu don abin da bai kai ya kawo ba za a raba su? Rukayyat ta ce duk ta yi, kuma ba za ta taɓa musu ba, Allah Ya biya ta. Amma da ta gaya wa yarinyar gaskiya, da yau uwa biyu gare ta.

Gabdo fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya ce ya isa haka, kowa ya wuce mota, an fasa kwanan. Ya ce Rukayyat za a sauke ta a Vimtim, yarinya kuma gidan da ta saba za ta koma, shi ne babba kuma ya gama magana.

"Da me za ki riƙe ta? Ke da sai an riƙe ki?"

Rukayyat ta juya wajen 'yarta. Ta sa hannun hagu ta ɗauki Sumayyat cak ta ɗora a cinyarta, ta zagaye ta da shi ta ƙanƙame. Gabdo ya ce to shi ke nan, ai abin da sauƙi. Ya zagaya bayan keken ya kama hannayensa, zai tura su su biyun har mota, a can ya raba.

Rukayyat ta ja birkin dama, ya ce ƙas. Na hagu kuwa ba hannun da za ta kai masa, sai in ta saki yarinyar. Keken ya fara juyawa a kan taya ɗaya.

Sumayyat ta kalli hannun uwarta, ta kalli ƙarfen da ta ja. Ta sunkuya ta ɗaya gefen, ta lalubo ɗan'uwansa, ta kama da hannu biyu ta ja har sai da ya ce ƙas.

Gabdo ya tura. Keken bai motsa ba.